Geron da Na Yanka Ɗanye

Ina da shekara biyu a gidan miji lokacin da fara ta ci gandunmu. Jikokina 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, sun zauna sun yi lissafi, suka ce abin ya faru ne a shekarun alif ɗari tara da talatin da 'yan kai. Ni dai abin da na sani shi ne ɗiyata ta fari tana goye a bayana, ko zama ba ta fara ba, kuma gero ya yi kyawun da tsofaffi suka ce sun jima ba su ga irinsa ba.

Ƙauyen mijina yana kudu da Gure, in ka hau jaki da sassafe za ka shiga kasuwa da hantsi. Gidaje ne kamar talatin a kan tudun rairayi, a ƙasa da mu kuma akwai kwari mai goruba da itatuwan dabino, inda maza ke lambun albasa da rogo da rani. A cikin gida Barbarci ake yi, in an fita kasuwa a juya Hausa. Ni ubana manomi ne, uwata kuwa 'yar makiyaya ce daga wajen Alakos. Don haka na tashi ina jin hirar masu gona da ta masu dabbobi, kuma na san abin da kowanensu ke faɗa a kan ɗan'uwansa in ya ba da baya.

Gidan yana hannun surukina ne, uban mijina, wanda kowa ke kira Baba. Dogo ne, mai tafiya a hankali, maganarsa ba ta da yawa. In mutum biyu sun yi rigima a kan iyakar gona, wurinsa ake zuwa kafin a je wurin mai gari, kuma galibi a nan maganar ke mutuwa. Gandu, wato babbar gonar gida wadda kowa ke noma tare, shi ke da iko da shi, daga cikinsa kuma baki goma sha ɗaya ke ci. Babu mai sa wa geron gandu wuƙa sai Baba ya yanki zangarniyar farko da hannunsa, shi kuma ba ya yanka sai liman ya yi addu'a, gari ya fita girbi tare. Yara na iya karyo kai biyu ko uku su gasa tumu, wannan ba komai ba ne. Amma a ga mutum yana ɗaure dami da geron da bai ƙosa ba, ma'anarsa ɗaya ce a wurinmu: rumbunsa ya ƙare, mai gidan ya kasa ciyar da iyalinsa. Mutum ya gwammace ya kwana da ruwa a cikinsa da a faɗi haka a kansa.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa yi wa Baba magana ba, in ban da gaisuwa. Ita ma sai na tuɓe takalmi, na durƙusa daga gefe, na sunkuyar da kai. In na hango shi a hanyar rijiya, sai in ratse cikin ƙarangiya in juya baya har ya wuce, in dawo ina cire ƙaya daga zane. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce ta surukuta, kuma yadda mace ta riƙe ta haka ake auna tarbiyyar gidansu. Shi ma yana jin tawa kunyar, bai taɓa kallon fuskata ba. Amma mutumin kirki ne gare ni. Dabinon farko na kwari ni yake aiko wa ta hannun Iya, uwar mijina. Da ya zo yanka mini gamana, 'yar gonar da ake ba mace ta noma wa kanta, sai ya ba ni gefen tudu mai kyau, har matan gidan maƙwabta suka yi ta gunaguni. Ni da a gidanmu ake cewa bakina bai san gajiya ba, in na ji gyaran muryar Baba sai in zama kurma.

Wata Litinin bayan azahar, maza duk suna gona, sai ga kawuna, ƙanen uwata, ya durƙusar da raƙuminsa a bayan danga. Na yi mamaki, don masu dabbobi ba sa gangarowa kudu sai an gama girbi, ga shi kuwa saura kusan wata guda. Na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakina, na kawo ruwa da fura. Ya karɓi jaririyar ya yi mata wasa, amma na lura hankalinsa ba ya wurin. Ya sha fura kaɗan ya ture ƙwaryar.

Sannan ya faɗa mini abin da ya koro shi. Ya ce arewa da Alakos, tafiyar kwana uku, ya ratsa ɗango, 'ya'yan fara da ba su yi fiffike ba tukuna. Tun safe ya shiga cikinsu, bai fita ba sai da rana ta raba tsaka, ƙasa duk tana motsi, raƙumi yana taka su yana zamewa. Rijiyoyi biyu sun cika da su har ruwan ya yi wari. Itatuwan aduwa sun koma tsirara, har ɓawon an gaigaye. Ya ce da ya sake waiwayar wurin bayan kwana huɗu, ya tarar sun fara saɓa, sun yi ja-ja, suna shanya fiffike a rana, ga tsuntsaye sun taru a kansu. Iska kuma ta kusa juyawa, in ta juya nan za ta kawo su.

Na tambaye shi kwana nawa. Ya ce bakwai, in ya yi yawa goma. Shi ma ya tambaye ni saura kwana nawa geronmu ya ƙosa. Na ce Baba ya ce goma sha biyar. Sai ya miƙo mini jaririyar.

Da la'asar maza suka dawo, aka kai kawu rumfar ƙofar gida. Maƙwabta suka zo gaishe da baƙo. Ni kuma na sami abin yi a bayan zana, ina ta tsince wake ɗaya har sau uku don in ji. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da yara da dabbobi da gajiyar hanya, aka sake tambaya. Can Baba ya nemi labarin arewa. Kawu ya ce sai alheri, ruwa ya yi, ciyawa ta yi, sai dai an ga 'yar fara kaɗan a wajensu, Allah ya sa ta tsaya can. Baba ya ce Allah ya kiyaye, kowa ya shafa da amin. Sai wani maƙwabcinmu mai barkwanci ya ce shi ya lura masu shanu ba sa ganin fara sai lokacin da kara ya yi tsawo ya yi zaƙi, wataƙila shanun ne suka aiko a yi maza a girbe su samu su shiga. Aka yi dariya. Kawu ma ya yi dariyar, daga nan hira ta koma kan farashin kanwa.

Haushi ya cika ni. Washegari da kawu zai tafi na raka shi bayan danga, na ce, “Kawu, 'yar fara kaɗan?”

Ya ci gaba da gyara akala bai dube ni ba. Ya ce, “Ɗiyata, ni baƙo ne a gidan surukai, ga shanuna a bayan gari. In na ce a yanke gero, ba ni aka ji ba, shanuna aka ji. Kuma ba a shiga gidan mutum a yi mishi mugun fata a kan gonarshi gaban jama'a. Na faɗa miki duka. Ke 'yar gida ce.”

Ya hau ya tafi ya bar ni da maganar. Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan, sai da na tsufa na gane shi ma iyakar inda ƙafarsa za ta iya kaiwa ke nan.

Yaran yanzu da rediyo ke faɗa musu fara na tafe tun tana wata ƙasa, suna ganin mu wawaye ne. Ba wawaye ba ne mu. Mun san fara, iyayenmu sun san ta. Amma a wurinmu masifa ba a kiran sunanta da ƙarfi, don ana ganin baki yana jawo abu. Wanda ya ce rijiya za ta rufta, in ta rufta, ba a cewa ya yi hangen nesa, cewa ake yi bakinsa ne. Saboda haka kowa ya koyi rage magana. Mai ciwon ajali a ce yana jin jiki kaɗan, gobara a ce wuta ta ɗan taɓa. Mai hankali shi zai ƙara abin da aka rage. Sai dai ranar nan kawu ya rage da yawa, Baba kuma bai ƙara komai ba. Ga wani abu kuma: damanar da ta wuce gardi, ɗan sandan Nasara mai jar hula, ya zo da saƙon kumandan, Baturen mulki, cewa fara na zuwa, aka kwashe maza kwana biyar suna haƙar ramuka a bayan gari, ciyawa ta ci gonaki, farar ko ɗaya ba a gani ba. Tun daga nan duk wanda ya ambaci fara sai a tambaye shi ko shi ma an ba shi jar hula.

Na fara da mijina. Na faɗa masa komai yadda kawu ya faɗa mini, rijiyoyin da aduwar da fiffiken. Ya saurara, kuma na ga maganar ta shige shi, don ya bar cin tuwonsa. Amma ya ce Baba ya riga ya ji daga bakin mai maganar, ya yi addu'a a gaban mutane, an shafa. In shi ya koma ya tayar da ita, kamar ya ce ubansa bai fahimci abin da aka faɗa masa ba ne. Ya ce in bari zai nemi hanya. Mijina mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma in ya ce zai nemi hanya, to ka shimfiɗa tabarma.

Sai na je wurin Iya. Ita ina iya yi mata magana, ko da yake a durƙushe. Ban kai rabi ba ta ce in tofar da yawun bakina, mai shayarwa ba ta irin wannan zance. Na tofar, na ci gaba. Abin da ya ba ni mamaki, da ta ji fara ce sai fuskarta ta ɗan saki, ta shiga ba ni labarin yadda suna 'yan mata suke cika taiki da ita, a dafa da kanwa a shanya, a yi wata uku ana ci da yaji. A wurinta fara nama ce da ke faɗowa daga sama. Da na nace, ta ce to, za ta gaya wa Baba.

Ta kuwa gaya masa, ina jinsu daga madafa. Cewa ta yi yarinyar nan kawunta ya tsorata ta da zancen fara, ko abinci ba ta ci. Baba ya ce a faɗa mini in kwantar da hankalina, tsoro yana ɓata nono, gero na Allah ne kuma shi ke tsaronsa. Da yamma ya aiko mini da ƙwaryar madara daga saniyarsa. Na zauna da madarar nan a gabana na yi kuka, don maganar da ta fito daga bakin kawu tana da nauyin raƙumi, ta isa wurin Baba ba ta kai nauyin kaza ba.

Saura hanya ɗaya, kuma na san ta. Kullum da safe Baba yana zama a kan wani dutse kusa da rumbu, da butarsa, yana jan casbi har rana ta ɗago. Ba kowa a wurin a wannan lokacin. Daga ƙofar ɗakina ina ganinsa. Ranar Laraba na tsaya da tsintsiya a hannu ina shirya maganar a zuciyata, har ya tashi. Ranar Alhamis na taka har wajen turmi, rabin hanya. Ya ji motsi ya ɗan juyo. Gwiwoyina suka durƙusa da kansu, na ce ina kwana, ya ce lafiya lau, ya tambayi yarinya, na ce tana lafiya. Ya ɗan dakata. Na ɗauki taɓarya kamar ita na zo nema, na koma.

Juma'a ce ranar da mata ke aikin gamanarsu. Na goya ɗiyata, na ɗauki 'yar wuƙa da igiya, na tafi. Geron ya yi ido amma bai yi tauri ba, in ka matsa ƙwaya da farce sai farin ruwa ya fito. Na tsaya ina kallonsa, raina yana cewa saura kaɗan, saura kaɗan. Sannan na yi bisimilla na yanki na farko. Ban tsaya ba sai da rana ta yi ja.

Hanyar rijiya ta bi ta gefen gamanata, don haka kafin azahar babu gidan da labari bai shiga ba. Wasu suka ce gidan Baba ya ƙare, har amarya ta shiga cin ɗanye. Wasu suka ce jinin makiyaya ne, su da ba su san darajar gona ba. Iya ta tare ni a ƙofar gida tana hawaye, ta ce me suka yi mini da zan tsiraita su a gari, ga rumbu da sauran gero a ciki. Mijina ya ce gamanata ce, ba zai hana ni ba, amma in sani na sa ubansa ya kasa fita rumfa. Gaskiya ne, ranar Baba bai fita ba, daga masallaci ya wuce ɗakinsa. Bai aiko da faɗa ba, bai aiko da tambaya ba. Da ya aiko da faɗa da na ji sauƙi.

Washegari na koma na ƙarasa, tunda abin kunyar an riga an yi shi. Dami tara na samu, ƙanana. Na baza zangarnun a rana kwana huɗu ina juyawa, ina korar kaji da awaki, sannan na zuba a ɗan rumbuna na liƙe bakin da laka.

Kwana bakwai na kawu suka cika, sama fes. Na takwas haka, na tara haka. Geron mutane yana ta ƙara nauyi yana sunkuyawa, gamanata kuwa tana tsaye da kara ba kai, kowa ya wuce sai ya kalla. A rijiya wata ta tambaye ni ko farar tawa ta ɓata hanya ne, a aika yaro ya nuna mata. Na ba ta amsar da ta dace da ita, don wannan ba surukata ba ce. Amma a hanya na kama kaina ina duban arewa, kuma ba da tsoro nake duba ba. So nake ta zo. So nake ta zo don kada in zama abin dariya har mutuwata. Na yi istigfari, na sake yi, amma tunanin ya riga ya ratsa ni. Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin, kuma shi ya sa da mata suka ce ni na kira ta, ban iya yi musu musu da dukan zuciyata ba.

Ranar kwana goma sha ɗaya ta zo, bayan azahar. Da farko mun ɗauka hayaƙin gobarar daji ne, ja-ja, daga arewa maso gabas. Sai rana ta dushe, kaji suka nufi akurki. Sannan muka ji ƙararta, kamar ruwan sama a kan busasshiyar zana. Kowa ya fita da abin da hannunsa ya kai, ƙwarya, tasa, tulu, ana bugawa ana salati, wasu suna kunna ciyawa don hayaƙi. Na ga Baba a tsakiyar gandu ba hula, yana cewa a yanka, a yanka. Babu liman, babu zangarniyar farko. Maza suna yanka, fara na kan hannunsu, tana kan wuƙar, tana kan zangarniyar da suka riƙe. Abin da aka tsirar daga gandun da ke ba da dami fiye da ɗari, jaki biyu suka kwaso shi.

Da gari ya waye kara ne kawai a tsaye, ko ganye babu. Farar ta kwanta a kansa sanyi ya kama ta, ba ta iya tashi. Mata muka fita da taiki da buhuna muna kwasa. Iya tana kusa da ni tana cika nata. Mun dafa, mun shanya, mun ci ta wata biyu, kuma ba zan yi ƙarya ba, da daɗi.

Babu wanda ya zo ya ce ashe kin yi gaskiya. Ba a yin haka. Wasu matan suka riƙa janye 'ya'yansu in na wuce, wai bakina da hannuna ba su da kyau, na yanka ɗanye na nuna wa masifa hanya. Waɗansu kuma, daga cikin masu janye 'ya'yan, sukan zo a ɓoye su tambaye ni ko kawu ya faɗi wani abu game da baɗi.

Sauran geron bara ya kai mu tsakiyar sanyi. Mijina da ƙanensa suka tafi kwarurukan kanwa wajen Bune suna aiki a ba su hatsi. Shanun Baba suka tafi ɗaya bayan ɗaya, har da saniyar da aka tatso mini madara. Muka shiga jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai sun kwana huɗu a ruwa ana sakewa kafin su ciwu. Muka bugi ƙarangiya muka fitar da ƙwayarta, muka daka goruba. Da abin ya kai inda ya kai, na fasa lakar ɗan rumbuna. Geron ya motse, ba nauyi, dusa ta fi tsaba yawa, ko iri ba zai yi ba. Amma yana yin kunu, kuma kunun nan shi ya riƙe yara da tsofaffin gidan har ruwa ya kusa.

A al'adarmu abin da mace ta noma a gamanarta nata ne. Mai gida shi ke ciyarwa, ba ya cin na matar ɗansa. Don haka nakan auna in ba Iya, in ce kada ta faɗi inda ya fito. Wannan wauta ce, mu duka mun sani. Geron da aka yanka ɗanye yana da wani ɗan zaƙi da ƙanshi nasa, mutumin da ya shekara sittin yana noma ba zai kasa ganewa ba. Iya ta ce ranar farko ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye ludayin, ya daɗe yana kallon ƙwaryar, sannan ya ɗauka ya shanye.

Wata safiya da bazara ina bayan zana ina sake wa anza ruwa, sai na ji takalminsa ya tsaya a ɗaya gefen. Na ɗauka wucewa zai yi, na durƙusa na yi shiru. Ya yi gyaran murya. Zanar tana tsakaninmu, ba ya ganina, ba na ganinsa, sai ƙafafunsa ta ƙasa, sun rame har jijiyoyi sun fito.

Ya ce, “Ɗiyata.”

Bai taɓa kirana da komai ba sai ranar. Na ce, “Na'am, Baba.”

“Abin da kawunki ya gani a arewa, ya faɗa miki duka?”

“Ya faɗa, Baba.”

“Ba kaɗan ba ce ya ce miki.”

“Ba kaɗan ba ce.”

Ruwan anza yana ɗiga daga kwando a kan ƙafata. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, a hankali kamar mai tambayar hanya, “Kullum da safe ina kan dutsen nan. Me ya hana ki faɗa mini?”

Kuma ya jira. Wannan jiran ne ban manta ba. Ba tambayar da ake yi don a wuce ba ce, amsa yake so, ya tsaya yana sauraro. Ina da amsoshi cike da baki. Ina so in ce na zo har turmi. Ina so in ce ku kuka koya mini, uwata ta koya mini, duk garin nan zai ce ba ni da kunya. Ina so in tambaye shi, in da na faɗa, da ya yanka? Harshena ya yi nauyi, na ja gefen zane na rufe fuskata, ko da yake ba mai ganina. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Daga baya ya ce Allah ya yi mini albarka, na ga ƙafafun sun juya.

Ya ƙara shekara shida a duniya, ba mu sake wata magana ba sai gaisuwa. Har yau ban san ko da ya yanka ba. Wata rana in ce da bai yanka ba, mutum irinsa ba zai ɗaure ɗanyen dami a kan maganar matar ɗansa ba. Wata rana kuma in tuna shi ne mutumin da in ya ce a yi, gari ke yi, in tuna yadda ya dakata ranar Alhamis ɗin nan bayan ya tambayi yarinya. Na daɗe ina alfahari da dami taran nan nawa, ina ba da labarinsu a wurin biki. Sai da girma ya zo na fara lissafa ɗarin da ke gandu, da na sauran gidaje talatin.

Da ɗana ya yi aure aka kawo mini tawa surukar, a makon farko na kira ta, na ce ta zauna a kan tabarmata. Na ce mata duk ranar da ta ga wani abu, ko ta ji wani abu, ta zo ta faɗa mini ko ta faɗa wa mai gidan kai tsaye, ba ruwanmu da kunya a wannan. Yarinyar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce to da ƙyar, ta tashi da gudu ta koma ɗakinta. Ban yi mata dariya ba.

Bayan rasuwar Baba, wata safiya da babu kowa a tsakar gida, na taka daga ƙofar ɗakina zuwa dutsen nan ina ƙirgawa. Taku ashirin ne, turmin yana kan na goma.